Masaukin Cottonwood da Hanyar Zinaren Cariboo

A yammacin ƙasar Kanada, cikin lardin Biritish Kolumbiya, akwai wata hanyar mota da ta tashi daga garin Quesnel ta nufi gabas, tana hawan duwatsu har ta ƙare a Barkerville, garin da masu haƙar zinare suka kafa a shekarar 1862. Kafin matafiyi ya cika kilomita 30 daga Quesnel zai iske wani gidan bene na gungumen itace kusa da kogi, da barga da rumbuna da filayen ciyawa kewaye da shi. Sunansa Cottonwood House, sunan da ya samo daga kogin, shi kuma kogin daga wata bishiya da ke sakin farin kaɗa a iska kamar audugar rimi. An gina shi tsakanin 1864 da 1865, bai kuwa daina karɓar baƙi ba sai a 1951. Abin da ke buƙatar bayani a tarihin wannan gida shi ne tsawon ransa, domin zinaren da ya jawo jama'a zuwa wannan yanki da ake kira Cariboo ya kai matuƙar yawansa tun a 1863, wato kafin ma a sare itacen ginin, daga nan kuma sai raguwa. Gidan da aka gina don masu rububin zinare ya ci gaba da aiki shekara tamanin da 'yan kai bayan rububin ya lafa, kuma ba zinare ne ya riƙe shi ba.

Asalin maganar ya koma 1858, lokacin da labari ya isa San Francisco cewa ana tsintar zinare a yashin kogin Fraser, babban kogin da ya ratsa wannan lardi. Cikin watanni kaɗan mutane kimanin 30,000 suka kwararo arewa, mafi yawansu daga Kalifoniya, inda nasu rububin na 1849 ya riga ya yi sanyi. Ƙasar da suka shigo a lokacin ba ta da wata hukuma ta Turawa in ban da kamfanin Hudson's Bay mai fataucin fatu, saboda haka Birtaniya ta ji tsoron kada Amurkawa su mamaye ta da yawansu, ta yi sauri ta ayyana ta a matsayin ƙasar mallaka a wannan shekarar, ta kuma naɗa James Douglas gwamna. Zinaren bakin Fraser bai daɗe ba, masu nema suka riƙa bin kogin suna ƙara nisa zuwa arewa, har a 1861 suka faɗa wa ƙoramar da aka sa wa suna Williams Creek. A watan Agusta na 1862 wani Bature ɗan Ingila mai suna Billy Barker da abokan aikinsa suka haƙa rami mai zurfin kimanin mita 16 a inda sauran mahaƙa suka raina, suka tarar da zinare mai yawan gaske, garin da ya tsiro a gefen ramin kuma ya ɗauki sunansa.

Wahalar Cariboo ba ta samun zinaren ba ce kaɗai, har da ta kai abinci wurin. Barkerville na kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,200, hunturunsa dogo ne, dusar ƙanƙara na rufe ƙasa watanni da yawa, ba a kuwa noma abin kirki a can. Duk buhun fulawa, duk ƙusa, duk kyandir, sai an ɗauko shi daga ɗaruruwan kilomitoci a bayan alfadari ko a bayan mutum, ta ƙananan hanyoyin da suka bi gefen kwazazzabon Fraser, inda santsi ɗaya ya isa dabba da kayanta su tafi. Tsadar dakon kaya ta kai har a 1862 wasu 'yan kasuwa suka sayo raƙuma 23, irin masu tozo biyu, suna lissafin cewa raƙumi ya fi alfadari ɗaukar kaya da juriya. Duk wanda ya san raƙumi zai iya hasashen abin da ya biyo baya: tafin ƙafarsa na yashi ne, duwatsu masu kaifi suka yayyanka shi, warinsa kuma ya riƙa firgita dawaki da alfadaran sauran fatake a kan hanyar da ba ta da wurin kaucewa, har dole masu raƙuman suka haƙura.

Douglas ya yanke shawarar cewa sai an gina hanyar da amalanke zai iya bi. An fara aiki a 1862 daga Yale, inda jiragen ruwa ke tsayawa a ƙasan kogin. Sojojin injiniya na Birtaniya suka fasa wuraren da suka fi wuya, 'yan kwangila irin su Joseph Trutch da Gustavus Blin Wright suka ɗauki sauran, aka ba su damar karɓar kuɗin wucewa don su mai da abin da suka kashe. A 1865 hanyar ta isa Barkerville, tsawonta kimanin kilomita 650. Manufar gwamnan ba ta tsaya ga sauƙaƙa wa mahaƙa ba, domin hanya guda da kowa zai bi ita ce hanyar da hukuma za ta iya ganin kaya, ta karɓi haraji, ta kuma tabbatar cewa cinikin bai zurare zuwa Amurka ba. Bashin da aikin ya bari yana cikin dalilan da suka sa aka haɗe ƙasar da tsibirin Vancouver a 1866, ta kuma shiga tarayyar Kanada a 1871.

Da hanya ta samu, masaukai suka jeru a gefenta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce mabuɗin fahimtar sana'ar baki ɗaya. Ana samun gida kusan kowane mil 10 zuwa 15, kuma ba wata doka ce ta tsara hakan ba, ƙafar dabba ce ta tsara shi. Wannan ita ce tafiyar da shanun da ke jan babban amalanken kaya za su iya yi daga safiya zuwa yamma, ita ce kuma tazarar da dawakin keken fasinja za su iya yi da sauri kafin a kwance su a ɗaura wasu. Har sunayen gidajen ma lissafin tafiya ne: 70 Mile House, 100 Mile House, 150 Mile House, ana ƙirga milin daga garin Lillooet, inda reshen hanyar na farko ya tashi, wasunsu kuma yau garuruwa ne da ba su sauya suna ba. Saboda haka kalmar otal tana iya ɓatar da mai karatu, domin takan kawo wa zuciya ɗakuna da gadaje. Abin da ya fi kusa da waɗannan gidaje a saninmu shi ne zango na zamanin fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, wurin da ayari ke yada kaya saboda akwai ruwa da abincin dabba, inda fatoma ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, wani lokaci ma ya ba shi bashi.

Wurin da Cottonwood yake yana da wata daraja da masu ido suka gane tun kafin hanya ta iso. Kwari ne mai faɗi a inda ƙoramar Lightning ke haɗuwa da kogin Swift, yana da fadama da ciyawa, kuma yana cikin wurare na ƙarshe da ake iya noma sosai kafin hanya ta fara hawa zuwa ƙasar sanyi. Darajar filin ta fito fili a 1862, lokacin da jaridar British Columbian ta buga wata wasiƙa da ke zargin babban alƙalin ƙasar, Matthew Baillie Begbie, da karɓar eka 20 a Cottonwood daga hannun wani mai neman a tabbatar masa da mallakar fili. Alƙalin ya ɗauki zancen a matsayin raina kotu, ya sa aka tsare editan jaridar, John Robson, na ɗan lokaci, mutumin da daga baya ya zama firimiyan lardin. Ko zargin gaskiya ne ko ƙage, ya nuna cewa a tsakiyar rububin zinare akwai masu wayon da hankalinsu ke kan fadama. Ya kamata a kuma faɗa cewa filin da Turawan ke jayayya a kansa ƙasar mutanen Dakelh ce, waɗanda ba a yi wata yarjejeniya da su ba, kuma a wannan shekarar ta 1862 ce annobar agana ta ratsa ƙasar ta kashe ɗimbin 'yan asalinta, ta bar ƙauyuka da yawa kango a daidai lokacin da baƙi ke rabon filaye.

A 1864 aikin hanya ya kawo amalanke daga Quesnel zuwa Cottonwood, sai a shekara mai zuwa aka ƙarasa zuwa Barkerville. Na ɗan wannan lokaci Cottonwood ya zama wurin da ake sauke kaya daga amalanke a ɗora wa alfadarai, duk inda kaya ke sauya abin hawa kuwa mutane na kwana, dabbobi na cin abinci. A nan ne John Ryder da Allen Smith suka gina gidan. Shekarunsa goma na farko ba su zo da kwanciyar hankali ba, ya yi ta sauya hannu, yayin da jama'ar Cariboo ke raguwa, gobarar 16 ga Satumba 1868 kuma ta cinye mafi yawan Barkerville cikin yini guda. An sake gina garin cikin gaggawa, amma mahaƙi mai shebur da faranti, wanda ya zo da ƙafarsa yana fatan arzikin dare ɗaya, ya riga ya fara neman wata ƙasar.

A 1874 John Boyd ya sayi gidan. Mutumin Ailan ne da ya zo neman zinare kamar kowa, amma ya riga ya koyi sana'ar masauki a Cold Spring House, wani gidan da yake riƙe da shi 'yan mil kaɗan gaba a kan hanyar. Shi da matarsa Janet sun haifi 'ya'ya goma, kuma a irin wannan sana'a yawan iyali jari ne, domin aikin ba ya ƙarewa: girki, wanki, tatsar shanu, saran itacen wuta, yankan ciyawa, kula da barga. Abin da Boyd ya yi shi ne ya mai da masaukin ya zama fuskar babbar gona, ya riƙa faɗaɗa fili yana noma ciyawa da hatsin dawaki da dankalin Turawa da kayan lambu, yana kiwon shanu, yana kuma sayar da kaya a kanti.

A nan ya dace a tsaya a yi lissafin da mai masauki ke yi. Mutum ɗaya da ya sauka zai biya kuɗin abinci da na makwanci, kuma kuɗi ne kaɗan da gasar maƙwabta ba ta barin a ƙara. Amma direban amalanken kaya ba ya zuwa shi kaɗai, yana zuwa da dawaki shida ko takwas, ko shanu fiye da goma, jagoran ayarin alfadarai kuwa da dabbobi masu yawa, kowace kuma sai ta ci da dare ta ci da safe. Abincin dabba kaya ne mai nauyi da cika wuri, ba a iya ɗauko shi daga nesa, domin dabbar da za ta ɗauko shi za ta cinye rabinsa a hanya. Wanda ke da fadama a bakin hanya, kusa da ƙasar da ciyawa ba ta wadata, yana riƙe da abin da ba wanda zai iya kawowa ya karya masa farashi. Ingiricin da aka yanka aka busar a ɗan gajeren lokacin zafi shi ake sayarwa duk tsawon hunturu, sa'ad da amalanke ke komawa keken da ke zamewa a kan ƙanƙara, dabba kuma ba ta samun ko tsinke a waje. Ban da haka, abin da gonar ta fitar na nama da madara da dankali yana da kasuwa a sansanonin haƙa da ke sama, inda komai ke da tsada. Shi ya sa a Cottonwood gine-ginen da suka fi bayyana sana'ar su ne tagwayen barga da rumbun ƙarƙashin ƙasa da ake adana amfanin gona don kada ya daskare, ba ɗakunan kwanan da ke saman bene ba.

Baƙin gidan aji-aji ne. Akwai fasinjojin kamfanin Barnard's Express, wanda ake kira BX, da Francis Jones Barnard ya fara da ɗaukar wasiƙu a ƙafa kafin ya sa kekunan dawaki a hanya a 1864. Waɗannan su ne masu kuɗi, jami'an hukuma, 'yan kasuwa, da masu rakiyar zinaren da ake sauko da shi, sukan ci abinci a gurguje yayin da ake sauya dawaki. Akwai direbobin kaya, waɗanda su ne abokan ciniki na dindindin, masu dawowa kowace shekara, waɗanda ake rubuta wa bashi a littafi har su kai kaya a biya su. Akwai masu tafiya a ƙafa, da dama cikinsu sun tafi da buri suna dawowa hannu rabbana. Akwai kuma Sinawa, waɗanda suka riƙa sayen ramukan da Turawa suka bari suna sake wanke ƙasar da haƙuri, har a wajen shekarun 1880 suka kai kusan rabin jama'ar yankin Barkerville, da yawansu kuma suka yi aikin kuku da na gona a masaukan hanyar, duk da harajin kai da gwamnatin Kanada ta ɗora wa shigowarsu daga 1885.

Ana yawan zana irin waɗannan hanyoyi a matsayin wuraren harbe-harbe, amma Cariboo ba ta kai Kalifoniya rashin doka ba, kuma masaukan suna da hannu a cikin hakan, domin a hanya guda mai zangon da aka sani kowa na ganin wanda ya wuce da wanda suke tare. A 1866 wani Ba'amurke mai suna Charles Morgan Blessing ya tashi daga Quesnel a ƙafa tare da James Barry, bai kuwa isa Barkerville ba. Daga baya aka tsinci gawarsa a daji gaba da Cottonwood. Wanda ya tona asirin shi ne Wellington Delaney Moses, baƙar fata mai sana'ar aski a Barkerville, wanda ya yi tafiya da mamacin tun daga kudu, ya kuma gane wani fil na zinare mallakar Blessing da ya bi ta hannun Barry. An kamo Barry, Begbie ya yi masa shari'a, aka rataye shi a Richfield, kusa da Barkerville, a 1867. Kabarin Blessing na nan a gefen hanyar har yanzu.

Dalilin da ya sa raguwar zinare ba ta kashe gidan ba shi ne cewa haƙar ba ta tsaya ba, salonta ne ya sauya. A shekarun 1870, daidai lokacin da Boyd ya saya, aka shiga haƙa mai zurfi a ƙoramar Lightning, wadda hanyar ke bi tun daga bakin Cottonwood. Bayan haka kamfanoni suka karɓi ragama, masu wanke gefen tsauni da ruwa mai ƙarfi ta manyan bututun ƙarfe. Kamfani ba ya buƙatar dubban mutane kamar rububi, amma yana buƙatar famfo da tukunyar tururi da bututu da abincin ma'aikata duk shekara, kuma dukkansu dabba ce ke jawo su. Mutane sun ragu, nauyin kaya bai ragu haka ba, mai ciyawa kuwa nauyin kaya yake ci. Ko da jirgin ƙasa na Canadian Pacific ya ratsa kudancin lardin a tsakiyar shekarun 1880, abin da ya faru kawai shi ne mafarin hanyar ya tashi daga Yale ya koma Ashcroft. Masaukan da ke cikin kwazazzabon Fraser suka mutu, na arewa suka ci gaba da cin kasuwarsu, domin daga Ashcroft zuwa Barkerville har yanzu kwanaki ne a keken doki, makonni a amalanken shanu.

Masu ba da labari na son gwama Boyd da Billy Barker, wanda ya kashe dukiyarsa ya mutu matalauci a gidan tsofaffi a Victoria a 1894, su ce ga shi mai abinci ya fi mai zinare wayo. A ganina wannan gwami ya yi sauƙi da yawa. Masu masaukai da dama sun karye, har da waɗanda suka riga Boyd a wannan gidan, domin bashin da ake bin mahaƙin da ya gudu ba ya dawowa, kuma idan injiniya ya karkatar da hanya da mil biyu, gidan da ke tsohuwar hanyar ya tashi aiki. Waɗanda suka daɗe su ne waɗanda Allah ya haɗa musu fadama mai kyau, da hanyar da ba ta kauce musu ba, da hannayen aiki a cikin gida waɗanda ba a biyan su lada.

John Boyd ya rasu a 1909, Janet da 'ya'yanta suka ci gaba da riƙe gidan. Shekara guda bayan rasuwarsa kamfanin BX ya sa motoci samfurin Winton a hanyar Cariboo, kuma daga nan ne ƙarshen ya fara, ko da yake a hankali. A 1921 layin dogo na Pacific Great Eastern ya iso Quesnel, ya yanke doguwar tafiyar da ake yi daga kudu. Abin lura shi ne cewa zinare ya sake dawowa: a shekarun 1930 aka buɗe mahaƙar dutse kusa da Barkerville, garin Wells ya tashi, farashin zinare kuma ya hau daga dala 20.67 zuwa dala 35 kowane oza a 1934, mutane suka sake cika hanyar da ke wucewa ta ƙofar Cottonwood. Da zinare ne ke rayar da masauki, da wannan ne lokacin da gidan zai fi kowane lokaci samu. Amma waɗannan matafiyan a mota suke, kayansu a babbar mota, tazarar da ke cin kwanaki ta koma ta sa'o'i, mota kuwa ba ta cin ingirici, ba ta kuma gajiya a mil na goma sha biyu. Gidan ya ci gaba da ba da abinci da makwanci ga wanda dare ko ƙanƙara ta tsayar, har iyalin suka bar shi a 1951.

Mafi yawan takwarorinsa ba su kai ga tsufa irin nasa ba, domin gidan itace mai murhu da fitilar kananzir abokin gobara ne. Wuta ta cinye tsohon 100 Mile House a 1937, ta cinye 70 Mile House a 1956, ta cinye otal ɗin Clinton a 1958. A wannan shekarar ta 1958, da lardin ke bikin cika shekara ɗari, gwamnati ta fara gyara Barkerville don ya zama wurin tarihi, sai aka ga cewa garin haƙa ba zai fahimtu ba in babu zango ko ɗaya da ya rage a hanyar zuwa gare shi. A 1963 lardin ya sayi Cottonwood House, ya adana gidan da bargar da sauran gine-ginen a inda suke. Hanyar yau, wadda ake kira babbar hanya ta 26, tana kai mai mota daga Quesnel zuwa Barkerville cikin kimanin sa'a guda, kuma tana wucewa ta Cottonwood kafin a yi minti talatin da tashi.